Ɗan Azumi Mai Rediyo da Kwamfutar Susanna

Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka da Ɗan Azumi mai rediyo a Agege. Shagona na aski yana kallon rumfarsa, tsakaninmu kwata ce kawai da 'yar hanyar da okada ke bi, can bayan layin dogo. Duk wanda na zaunar a kujera, in ya karkata kai kaɗan, zai hango shi a duƙe kan teburinsa, hula ta koma ƙeya, hayaƙin dalma yana tashi ta gefen hancinsa.

Mutumin ƙasar Ringim ne. Sunansa na yanka Zulkifilu, amma sau ɗaya na taɓa jin an kira shi da shi, ranar ɗaurin auren 'yarsa ta fari, kuma sai da liman ya maimaita kafin ya gane da shi ake. Mahaifinsa maƙeri ne, shi kuma ya tashi yana zuga masa wuta, har ya kai ga iya ƙera lauje. A shekarar 1977 ya biyo wani falken shanu a jirgin ƙasa ya sauka Agege, da niyyar ya yi rani ɗaya ya koma. Ya fara da dakon huhun goro a kasuwa. Kusa da inda yake hutawa akwai wani mutumin Gana mai gyaran rediyo, kowa Masta yake ce masa. Ɗan Azumi ya riƙa tsayawa a kansa yana kallo, yau da gobe, har wata rana Masta ya gaji ya miƙa masa ƙarfen narka dalma, ya ce in kallo ne ya isa haka. Hannun ɗan maƙeri ba ya tsoron zafi. Cikin shekara biyu ya iya aikin. Da aka ce baƙi su bar ƙasa a 1983, Masta ya tattara iyalinsa, ya bar masa teburi da kayan aiki da wani akwati cike da matattun rediyoyi. Ranin da ya zo yi bai ƙare ba har yau.

Bai yi boko ba. Da ajami yake rubuta sunan mai kaya a 'yar takarda ya manna. Amma kunne Allah ya ba shi. Za a kawo rediyo tana shaƙe-shaƙe, ya kara ta a kunne, ya ce wa mai ita, “Ruwa ta sha,” ko “Batir ka bari ya fashe a ciki,” kuma in an buɗe haka za a tarar. Direbobin Apapa har aiko masa da rikodar mota suke yi.

Lokacin da soja suka koma bariki, kasuwarsa ta riga ta fara ja da baya. Ƙananan rediyoyi masu araha sun cika gari, in ta lalace mutum ya jefar ya sayi wata. Bai zama mai ƙorafi ba. Ya koma gyaran fanka da dutsen guga, in babu aiki ya tsallako shagona da 'yar rediyonsa ta aljihu, mu saurari abin da 'yan majalisa suka yi a Abuja, ya yi ta yi musu gyara kamar suna jin sa.

A farkon shekarar 2000 Susanna ta kama shagon da ke jikin rumfarsa. 'Yar Kagoro ce, ta yi aikin buga takardu a wani kamfani a Ikeja, da aka rage ma'aikata ta sayo kwamfuta tokumbo, wato ta hannu, a kasuwar kwamfuta ta Otigba, ta haɗa da injin kwafi, ta buɗe nata wurin. Takardar neman aiki, katin biki, yarjejeniyar haya, duk wurinta ake zuwa. Ranar da aka sauke kwamfutar Ɗan Azumi ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ta tasha nawa take kamawa. Ta ce ba ta kama tasha.

“To ashe talabijin ce marar amfani,” in ji shi, ya koma teburinsa.

Duk da haka sun shaƙu. Baba take ce masa, shi kuma ya ce mata Suzana ko 'yata. In za ta coci ranar Laraba da yamma shi take bar wa makulli, in za shi masallacin Juma'a ita ke sa ido a kan rumfarsa. Kwamfutar ce dai bai ƙara kallo ba, sai ranar faifan Inna Balkissa.

Inna Balkissa mutuniyar Maraɗi ce, mai masa da miyar taushe a ƙarshen layinmu. Ta fi shekara ashirin a Ikko amma harshenta bai gusa ko kaɗan ba. Ɗanta guda, Ridwanu, tela ne a Jidda, shekararsa shida rabonsa da gida. Bayan aikin Hajjin 2001 wani alhaji da ya dawo ya kawo mata ambulan, a ciki akwai wasiƙa da faifan sidi. Ni ta kawo wa wasiƙar na karanta mata. Bayan gaisuwa, Ridwanu ya ce matarsa ta sauka lafiya, an samu mace, an yi suna. Sai ya ƙara da cewa sunan kam ba zai rubuta ba, yana so Inna ta ji da kunnenta a cikin faifan.

“Ja'irin yaro,” ta ce tana dariya. “Ai na san abin da ya yi. Takwara ya yi mini.”

Kwana uku duk wanda ya zo sayen masa sai ya ji labarin an yi mata takwara a ƙasa mai tsarki. Matsalar ita ce a layinmu bidiyon kaset kowa yake da shi, babu mai na'urar faifai. Susanna ta ce kwamfutarta tana ci. Aka sa ranar Asabar bayan La'asar. Inna Balkissa ta gayyato ƙawayenta, ta toya masa kwano biyu manya, ta ci kwalliya kamar ita ce mai jegon.

Shagon da mutum biyar ke cika shi, ranar ya ɗauki kusan ashirin. Wasu a taga, wasu a bakin ƙofa. Ni kaina na bar wani bawan Allah a kujera da rabin aski, na ce masa minti biyu. Susanna ta zura faifan, allo ya yi baƙi, sai ga hoto tar. Wani falo da darduma, maza a zazzaune, malami a tsakiya. Ga Ridwanu ya yi ƙiba, ya tara gemu, yana riƙe da jaririya cikin farin zane. Inna Balkissa ta dafe ƙirji. Malamin ya ɗaga hannu, bakinsa yana motsi, mutane suna shafawa.

Ko tari ba mu ji ba.

Susanna ta murɗa maɓallin sifika. Shiru. Ta cire faifan ta goge da gefen zanenta ta mayar. Shiru. Ta kashe kwamfutar gaba ɗaya ta sake kunnawa, muka tsaya muna jiran ta farfaɗo, hoto ya dawo, malam yana ta motsa baki kamar mai cin goro. Nan mata suka shiga karatun leɓe. Wata ta ce Umaima ya ce. Wata ta rantse Raliya ce, ta ga harshensa ya naɗe.

“Ku dai ba ku gani,” in ji Inna Balkissa. “Ku dubi yadda ya haɗe leɓe. Balkissa ya ce!”

Gumi ya jiƙa Susanna. Ta ce wataƙila abin da ke fitar da sauti a cikin akwatin ne ya ƙone, sai dai a kira injiniya daga Otigba, shi kuma ba zai samu zuwa ba sai Litinin.

“Litinin?” Inna Balkissa ta miƙe. “Da masar tawa mi za a yi?”

Ta ratsa mutane ta fita. Ɗan Azumi yana rumfarsa yana naɗa wayar wata fanka, don ya riga ya ce shi ba ya kallon abin da ba ya kama tasha. Muna jin su daga ciki.

“Malam Ɗan Azumi, tashi. Telen ɗiyarka ta zama bebiya.” Tele take ce wa talabijin, kamar yadda suke faɗa a Maraɗi.

“Inna, ni mai rediyo ne. Wannan aikin 'yan boko ne.”

“In ce magana ka hita cikin rediyo? To mu ma magana muka biɗa. Tashi don Allah, kar ka ba ni kunya gaban baƙina.”

Ya shigo yana goge hannu a rigarsa, sukundireba a maƙale bayan kunne. Aka dare masa hanya. Bai ko kalli allon ba. Ya ce kowa ya yi shiru, ya durƙusa gaban sifikun nan biyu, ya ga 'yar fitilar jikinsu tana ci, ya ce wuta dai tana zuwa. Ya kama wayar da ta fito daga bayansu, ya bi ta da yatsa har ƙarƙashin tebur, har bayan akwatin, ya zare ta. Sai ya ɗora babban yatsansa a kan tsinin ƙarfen da ke bakin wayar.

Sifikun suka yi gurnani, buuu, kamar ƙudan zuma a tulu. Mata suka ja da baya.

“Waɗannan lafiyarsu lau,” ya ce. “Matacciyar sifika ba ta amsa yatsa.”

Don ya ƙara tabbatarwa ya ciro rediyonsa ta aljihu, ya rage muryar sifikun, ya cusa bakin wayar a kafar da ake sa abin ji na kunne. Kiɗan Yarbawa ya cika shagon. Wata tsohuwa ta fara girgiza kafaɗa, aka yi dariya.

“To Suzana, laifin ba nasu ba ne. Akwatinki ne ba ya ba su abin faɗa.”

Ya karɓi tocila ya haska bayan akwatin. Ya ce ga kafofi uku a jere, girmansu ɗaya, koriya da shuɗiya da mai ruwan hoda, kuma a shuɗiyar ya tarar da wayar. Susanna ta ce ranar Alhamis rufi ya yi yoyo, ta ja teburin gefe, ta cire wayoyi ta mayar a gurguje. Aikinta na buga takarda ba ya buƙatar sauti, shi ya sa ba ta lura ba. Ɗan Azumi ya matso da ido sosai. Ya ce kusa da kowace kafa akwai ɗan zane, na koriyar kafar kibiya ce mai nuna waje.

“Abin da ke fita muke nema,” ya ce, ya cusa.

Aka ji ɗan ƙas a sifika. Kowa ya miƙa wuya. Malam yana motsa baki, babu ko uffan. A nan ne ni, da nake tsaye kusa, na miƙa hannu na murɗa maɓallin sifikar har ƙarshe, wai ko ƙarancin murya ne. Ba abin da ya canza, na bar shi a haka. Inna Balkissa ta sauke ajiyar zuciya ta zauna. Wata daga baya ta ce a raba masa kawai a watse.

Ɗan Azumi ya tsuguna ya yi tagumi, yana kallon akwatin. Can ya ɗago.

“'Yata, kowace rediyo tana da maɓallin murya a jikinta. Na sifika ga shi mun gani. Shi wannan akwatin, ina nasa? Na duba gaba da baya ban gani ba.”

“Baba, nasa ba a jiki yake ba. A cikin allo yake.”

“To buɗe mu gani.”

Ta ja ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur, kibiya ta gangara kusurwar allo, kusa da agogo. Akwai ɗan hoton sifika a wurin, ƙarami kamar ƙwayar wake, da jan da'ira a kansa. Susanna ta saki abin ta rufe baki da hannu biyu.

“Wayyo Allah, ni ce! Tun kafin Kirsimeti na rufe mata baki. Duk kuskuren da na yi sai ta yi mini ƙara, kwastomomi suna dariya.”

“To buɗe mata, ta tuba,” in ji shi.

Ta danna. Daidai lokacin faifan ya kai inda matan gidan suna ke rangaɗa guɗa, ga maɓalli a ƙure inda na bar shi. Ban taɓa jin ƙara irin wannan a ɗaki ba. Ta taga mutum biyu suka faɗa baya. Kwanon masa ya kife. Wani ɗan okada da ke wucewa ya taka birki ya leƙo yana tambaya da Yarbanci wa ya haihu. Mutumin da na bari da rabin aski ya shigo a guje da ƙyallen aski a wuya. Ɗan Azumi ya yi tsalle ya rage murya, ya juyo yana neman wanda ya murɗa, ni kuma na shagala da kallon rufi.

Da dariya ta lafa, Susanna ta mayar da faifan baya. Aka yi tsit. Muryar malam ta fito sarai, ya yi salati, ya yi addu'a, ya ce an raɗa wa jaririya suna Aishatu.

Babu wanda ya kalli Inna Balkissa kai tsaye, amma kowa da gefen ido yake kallon ta. Fuskarta ta ɗaure. Wadda ta ce Raliya ta fara gyaran murya. Sai hoton ya koma kan Ridwanu shi kaɗai, ya matso da jaririyar, yana murmushi.

“Inna, ina gaisuwa. Ga ta nan. Sunan mahaifiyarki na sa mata, ita da ta goye ni lokacin da kika tafi Ikko neman abin da za mu ci. Na san za ki fi son haka.”

Inna Balkissa ta ja bakin gyalenta ta rufe fuska. Kafaɗunta suka yi ta rawa, ba mu san kuka ne ko dariya ba, ashe duka biyun ne. Da ta buɗe ido ta nuna allon.

“Uwata ce ta komo. Ku dube ta, har goshin.” Ta juya ga ƙawayenta. “Ni dama na sani. Gwada ku nika yi.”

Sau huɗu aka maimaita faifan kafin kiran Magariba. Masar da ta tsira, Ɗan Azumi aka fara miƙa wa.

Daga ranar ya daina ce wa kwamfuta talabijin. In rana ta yi sanyi sai ya ja kujera ya zauna gefen Susanna, ta nuna masa inda ake ƙara murya da inda ake rufe ta, da yadda akwai wani maɓallin a cikin manhajar kallon faifan kanta. Ba ya karanta rubutun, siffar abubuwa yake haddacewa. Ita kuma ta koyi gwajin yatsa a wurinsa, har tana yi wa abokan sana'arta burga da shi.

A shekarar ne shagunan intanet suka fara buɗewa a wajen Pen Cinema da Dopemu, inda ake kiran ƙasar waje ta kwamfuta, mutum ya ɗaura abin ji a kunne yana magana. Hannu da yawa ke jan waɗannan abubuwa, kullum wayarsu tana tsinkewa ta ciki, daidai wuyan ƙarfen. Masu shagunan tarawa suke yi a kwali su sayi sababbi. Ɗan Azumi ya ga kwalin a wani shago, ya roƙi guda uku, washegari ya mayar da su suna aiki. Yankewa ne da fiƙe waya da ɗigon dalma, aikin da ya yi shekara ashirin yana yi. Kafin wata biyu ya zama duk safiyar Talata yana zagaye da 'yar jakarsa, ana ce masa Baba Sawun, wai baban sauti.

Ba kullum yake nasara ba. Wani dillalin albasa a Ketu, Alhaji Barau, ya sayi kwamfuta ya ajiye a ofis, yana so ya riƙa jin karatun Alƙur'ani a faifai, ta ƙi magana. Aka aiko wa Ɗan Azumi. Ya yi gwajin yatsa, ya duba kafa, ya nemi ɗan hoton sifika kusa da agogo, babu shi sam. Awa biyu yana fama, ya haƙura, ya hau motar haya, danfo, ya dawo jiki a sanyaye. Ya kwashe labari ya faɗa wa Susanna.

“Baba, ai direba ne babu,” ta ce.

“Direba kuma? A Ketu? Ai ko dutse kika jefa a kan direba zai faɗa.”

Sai da ta gama dariya ta yi masa bayani. Wani ɗan umarni ne da ke zuwa a faifai, shi ke gabatar da kwamfuta ga abin sautin da ke cikinta, in babu shi ba su san juna ba. Washegari suka tafi tare da faifan a jakarta, cikin minti goma Alhaji Barau yana sauraron karatu. Suka dawo da buhun albasa a bayan danfo. Shi da bakinsa ya yi ta ba da labarin direban a shagona, yana yi wa kansa dariya.

Wajen ƙarshen 2002 na raka shi wani shagon intanet a Dopemu, don ina so in ga abin da ake ta faɗa. Muka tarar da wani direban tanka, Uwaisu, ya kira abokinsa da ke Jamus, can ana jin sa, shi ba ya ji. Ɗan Azumi ya karɓi abin kunnen ya bi wayar da yatsa, ya tarar da ɗan gare-garen murya a tsakiyarta an murza shi ƙasa. Ya murza sama, ya ɗaura a kansa don ya gwada, ya yi sallama.

Sai muka ga ya gyara tsayuwa.

“Na'am? Ɗan Azumi ne, mai gyara. A'a, daga ƙasar Ringim. Kai haba! Wane gari? Ikon Allah! Ai nan ne kasuwarmu. Gidan wa? Wanda ke bayan marina? Yana nan da rai?”

Uwaisu ya miƙa hannu. Ɗan Azumi ya ɗaga masa yatsa ɗaya, ya ja kujera ya zauna.

“To yaya sanyi? Yaya baƙunta? Madalla. Ina gajiya?”

“Baba,” in ji Uwaisu, “lokacina fa yana tafiya.”

“Yi haƙuri ɗana, gwaji nake yi,” ya ce. “Kunnen hagu ya yi, saura na dama.”